Motar rimot ɗina tana kakkarwa ba ta tashi sai na tura ta: moto ne ko ESC?

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan motocin rimot masu batir. Wata biyu da suka wuce na sayi wata ta hannu, girman 1/10, mai jan ƙafa huɗu, muna fita da ita fili ni da yarana duk yamma. Moton cikinta marar kabon ne, wanda ake cewa burashles. An rubuta 3650 da 3300KV a jikinsa, wayoyi uku ne ke fita daga gindinsa. ESC ɗin, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa moto, 60A ne, batir kuma LiPo mai sel biyu, 5000mAh.

Da farko lafiya lau take. Tun makon jiya ne ta canza. In na ja kunamar rimot sai moton ya kama kakkarwa yana wata ƙara kir-kir-kir, taya ta motsa gaba kaɗan ta dawo baya, motar ba ta tashi. In na ɗan tura ta da ƙafa, wani lokaci sai ta kama ta ruga. Bayan minti huɗu ko biyar kuma sai ta tsaya cak, alhali sitiyari yana aiki. In ta huta sai ta dawo. Wani abokina ya ce ESC ne ya ƙone, in yi odar sabo. Kafin in kashe kuɗi in zauna jiran kaya, na ce bari in ji ta bakinku.

Ɗan Tsere:
Wa alaikumus salam. Alhaji, abu na farko: daina jan kunamar nan in tana kakkarwa. Duk daƙiƙar da moton ya yi yana rawa bai juya ba, wuta mai yawa ce ke bi ta cikin ESC ba tare da ta zama gudu ba. In ma bai ƙone ba yanzu, haka ake ƙona shi.

Tambaya: ban da wayoyi ukun nan masu kauri, akwai wata siririyar waya mai bakin fil shida da ta haɗa moton da ESC?

Baban Yara:
Babu. Ukun nan ne kawai: shuɗiya, rawaya da ruwan lemo.

Ɗan Tsere:
To naka marar sensa ne. Ɗan tari wajen tashi ɗabi'arsu ce, kusan dukkansu suna yi. Amma a ce mota ta ƙi tashi sai an tura ta, wannan ya wuce ɗabi'a.

Mai Gyaran Waya:
Ni dai ina tare da abokinka. ESC ne. A cikinsa akwai mosfet, wato ƙananan makunnan wuta, jeri-jeri, kowace waya daga cikin ukun tana da nata. In na layi ɗaya suka mutu, layi biyu ne ke aiki, moton ba zai iya kammala zagaye ba sai rawa. Na buɗe irinsu fiye da sau ɗaya, za ka ga wajen ya yi baƙi. Ka shinshina shi, in ka ji ƙauri magana ta ƙare.

Baban Yara:
Na shinshina, babu ƙauri. Fankar da ke kansa ma tana juyawa, kuma yana yin kukan nan nasa in na kunna.

Malamar Fiziks:
Salamu alaikum. Ku ba ni dama in ɗan yi bayanin abin da ke faruwa a ciki, don in an gane shi, neman laifin zai yi sauƙi.

Tsohon moto mai kabon, shi da kansa yake sauya wa koyil wuta: kabon na goga a jikin tagulla, juyawar ce ke sauya layi. A marar kabon an juya tsarin. Koyil ɗin a tsaye yake a jikin gwangwani, maganaɗisu ne a tsakiya yake juyawa. To wa zai sauya wutar? ESC. Shi ne ke ba layi biyu daga cikin uku wuta, ya bar na ukun, sannan ya sauya, mataki shida a kowane zagayen lantarki. Amma ba zai san lokacin sauyawa ba sai ya san inda maganaɗisun yake.

Mai sensa yana da 'yan ƙananan idanu uku a gindinsa da ke jin maganaɗisu ko moton a tsaye yake. Sunan Edwin Hall suke ɗauke da shi, wanda ya gano wannan ɗabi'ar a 1879. Marar sensa kuwa ba shi da ido, da kunne yake aiki. In maganaɗisu ya gilma ta gaban koyil, koyil ɗin yana haifar da 'yar wuta tasa, kamar janareto. ESC na sauraron wannan wutar a layin da ya bari babu komai. Matsalar ita ce moton da ke tsaye ba ya haifar da komai. Don haka a farkon tashi lalube ESC yake yi, ya tura wuta da ka, har moton ya motsa ya fara jin amsa. Shi ya sa da ka tura motar da ƙafa take kamawa: ka ba shi amsar da yake nema.

Abin da nake so a lura da shi: duk abin da ya hana wannan amsar isa, ko ya hana moton motsin farko, alama iri ɗaya zai ba da. Mataccen mosfet zai sa shi rawa. Wayar da ta saki za ta sa shi rawa. Koyil da ya ƙone haka, giyar da ta yi nauyi haka, batirin da ya gaji haka. Rawar kaɗai ba ta nuna mai laifi.

Mai Gyaran Waya:
Malama, bayani ya yi. Amma a aikace, cikin waɗanda kika lissafa, ESC ne ya fi mutuwa.

Malamar Fiziks:
Ƙanina, in layi guda ya mutu murus a ESC, ina ganin da wuya ta ruga da cikakken gudu na minti biyar bayan an tura ta. Ya ce wani lokaci tana kamawa, wani lokaci ba ta kamawa. Abin da ke zuwa yana tafiya ya fi kama da haɗin da ya saki.

Baba Mai Koyil:
Yarinyar nan ta faɗi gaskiya, Allah ya yi mata albarka. Ni ban taɓa riƙe motar wasan nan ba, aikina naɗin koyil ɗin fanka da injin ruwa ne, na tsufa a cikinsa. Amma moto mai layi uku duk inda yake ɗan gida ɗaya ne. Babban injin niƙa ma in layi ɗaya ya ɗauke, gurnani yake yi ya ƙi tashi, in ka bar shi ya ƙone. Mu ba ma cewa koyil ya mutu sai mun sa mita. Ɗana, kana da mita a gida?

Baban Yara:
Ina da ita Baba, ƙaramar nan mai lambobi.

Baba Mai Koyil:
Madalla. Cire batir tukuna. Zare wayoyi ukun daga ESC, moton ya zama shi kaɗai. Sa mitar a ma'aunin om mafi ƙanƙanta. Fara haɗa bakin mitar biyu da juna ka ga abin da za ta nuna, don wayar mitar ma tana da nata. Sannan ka auna biyu-biyu: shuɗiya da rawaya, rawaya da ruwan lemo, shuɗiya da ruwan lemo. Dole ukun su zo daidai da juna. Bayan haka ka auna kowace waya da jikin gwangwanin, a wurin da babu fenti, kamar kan sukuru. Nan kuma bai kamata mita ta nuna komai ba. In ta yi ƙara, koyil ya taɓa jiki.

Kuma kana aunawa kana lanƙwasa wayar da hannu, kana jan ta kaɗan. Waya takan karye a cikin rigarta, daga waje ka gan ta lafiya.

Ɗan Tsere:
Ƙari a kan maganar Baba: kada ka tsorata in ka ga 0.1 ko 0.2. Koyil ɗin waɗannan motocin gajere ne mai kauri, juriyarsa ba ta kai abin da ƙaramar mita za ta iya rarrabewa ba. Kamar gajeriyar waya za ta gan shi. Don haka mita za ta nuna maka layin da ya yanke, amma ba lallai ta nuna koyil ɗin da ya haɗe a cikinsa ba. Ga gwajin wannan, ba ya buƙatar komai: cire ƙaramar giyar da ke bakin shaf, raba wayoyi ukun kada su taɓa juna, juya shaf da yatsa. Za ka ji ɗan tsalle-tsallen maganaɗisu, amma yana juyawa. Sai ka haɗa bakin waya biyu ka sake juyawa, za ka ji ya yi nauyi kamar an taka birki. Gwada kowane biyu. In nauyin iri ɗaya ne sau uku, alama ce mai kyau. In kuwa tun wayoyin na rabe kana jin birkin nan, koyil ya haɗe a ciki.

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri in tsoma baki da tawa. Ni na sa sabon moto, in na ja gaba sai motar ta yi baya. Na lalata wani abu ne?

Ɗan Tsere:
Ba ka lalata komai ba. In marar sensa ne, musanya kowace waya biyu daga cikin ukun, zai juya ɗaya ɓangaren. In mai sensa ne kada ka kuskura: A na zuwa A, B zuwa B, C zuwa C, sai dai ka sauya alkiblar daga saitin ESC in yana da wannan zaɓin. Kuma kada ka gyara ta da maɓallin juya totur na rimot kawai ka tafi, don yawancin ESC ba sa ba baya ƙarfi kamar gaba, birki ma zai rikice maka.

Sabon Shiga:
Marar sensa ne. Na musanya, ta daidaita. Na gode yaya.

Baban Yara:
Na dawo da sakamako. Bakin mita da juna: 0.2. Shuɗiya da ruwan lemo: 0.2, a tsaye. Jiki da kowace waya: babu komai. Amma duk awon da rawaya ke ciki, lambar ba ta zama wuri ɗaya. Sai ta nuna 0.3, in na motsa wayar ta haura 5, ta haura 40, wani lokaci ta ɗauke gaba ɗaya. Na lura daidai wajen fulogin nan mai kama da harsashi ne, robar da aka rufe shi da ita ta yi tauri ta canza launi.

Baba Mai Koyil:
Alhamdu lillahi. Yanke robar ka gani.

Baban Yara:
Na yanke. Baba, wayar da hannu kawai na ja ta fito daga cikin fulogin. Dalmar ta dunƙule kamar ƙwallo, ta yi toka-toka, ba ta shiga cikin silin wayar ba sam. Robar ce kawai ke riƙe da ita.

Mai Gyaran Waya:
To na janye maganata, Malama ce ke da gaskiya. Kuma na san yadda aka yi haka, don aikinmu ne. Wanda ya yi haɗin da ƙaramin ayan ya yi, irin mai siririn baki da muke aikin waya da shi. Wayar moton nan kauri gare ta, fulogin kuma tagulla ne, suna shanye zafin kafin dalma ta narke ta ratsa. Sai ta kwanta a sama kawai. Alhaji, in za ka gyara, nemi ayan mai wat 60 ko fiye, mai faffaɗan baki. Yanke bakin wayar da ya yi baƙi, fere sabo, shafa fulos, man nan da ke sa dalma ta kama, sa wa wayar dalma ita kaɗai har ta jiƙe, cika kofin fulogin da dalma shi ma, sannan ka haɗa su suna narke, ka riƙe kada ka motsa har ta daskare. Haɗi mai kyau santsi yake, ba ya dunƙulewa. Huda katako ka soke fulogin a ciki ya riƙe maka, in ka kama shi da filaya ƙarfen zai janye zafin. Sauran biyun ma ka sake haɗa su, hannu ɗaya ne ya yi su.

Malamar Fiziks:
Babu komai ƙanina, ai da ba ka kawo zancen layi ɗaya ba da ba mu bi ta nan ba. Ga dalilin da ya sa robar ta ƙone. Zafin da ke fita a haɗi shi ne wutar da ke wucewa sau kanta, sau juriyar wurin. A ce juriyar 0.05 om ce kacal, moton kuma ya ja amfiya 40 wajen tashi: 40 sau 40 sau 0.05, wat 80 ke nan a wuri kamar ƙwayar gyaɗa. Ya fi ayan ɗin da ake cewa ya saya zafi. Yana zafi yana ƙara sakewa, yana sakewa yana ƙara zafi.

Ɗan Tsere:
Na yarda an kama ɓarawo ɗaya, amma ban yarda shi kaɗai ba ne. Alhaji ya kawo ƙara biyu: rawa wajen tashi, da mutuwa bayan minti biyar alhali sitiyari na aiki. Ta biyun ESC ne ke yanke wa moto wuta da gangan don kare kansa ko kare batir. Kuma ina tambayar kaina, haɗin nan ya yi wata biyu yana aiki, me ya sa sai makon jiya ya saki? Alhaji, tsakaninka da Allah, me ka canza a motar kafin ta fara?

Baban Yara:
Akwai. Mai motar ya haɗo min da wata 'yar leda mai ƙananan giyoyi. Wadda ke kai haƙora 17 ce, na cire na sa mai 26 don yaran suna son gudu. Babbar giyar 64 ce. Kuma gudun ya ƙaru sosai, kwana uku muna jin daɗinta.

Ɗan Tsere:
To ga shi nan. Da 17, moton na juyawa kusan sau 3.8 kafin babbar giya ta zagaya sau ɗaya. Da 26 ya koma kusan sau 2.5. Ka ɗora masa nauyin da ya haura na da da fiye da rabi. Kamar ka tashi mota a giya ta uku ne, kullum, a cikin yashi. Marar sensa kuma ba abin da ya tsana kamar nauyi wajen tashi. Wutar da yake ja ta ƙaru, raunin da ke fulogin ya bayyana, ESC ya yi zafi ya yanke. Koma 17. In kana son ƙari, haƙori ɗaya ko biyu ake ƙarawa, a auna zafi, sannan a ƙara.

Injiniyan Sola:
Ban ƙi maganar giya ba, amma kada a yanke hukunci cewa zafi ne ke kashe ta ba a duba batir ba. Ni da batir nake kwana nake tashi. LiPo cikakke 4.2 ne kowane sel, ESC kuma yakan yanke in sel ya sauka wajen 3.2, gwargwadon saitinsa. Batirin da ya tsufa, kana auna shi a zaune ka ga lafiya, da an ja wuta mai yawa sai ya durƙushe ƙasa da iyakar, ESC ya yanke, kafin ka kawo mita ya farfaɗo ya koma 3.8. Alamar iri ɗaya ce da ta zafi: ta mutu, ta huta, ta dawo. Batirin ma na hannu ne ai, ko?

Baban Yara:
Tare da motar ya zo.

Ɗan Tsere:
Injiniya, 5000mAh a minti biyar? Ko ya tsufa da wuya.

Injiniyan Sola:
Ba ƙarewa na ce ya yi ba, durƙushewa na ce. Abu biyu ne daban. Kuma 26 ɗin nan da kake magana a kai ita ce ma za ta sa ya durƙushe da wuri. Rarrabewa ba wuya. In ta mutu, nan take ya kashe ESC ya kunna. In ta tashi da ƙarfi ta sake mutuwa da ya ja kunama sosai, kuma ESC bai yi zafi ba, batir ne. In ESC ya yi zafin da ba a iya taɓawa, kuma ta ƙi dawowa daidai sai ya huce, zafi ne. Fitilar ESC ma tana nuna bambancin da irin ƙiftawarta, kowane kamfani da nasa, yana cikin takardarsa. Alhaji ka kuma duba: batirin ya kumbura? Sel biyun suna daidai da juna bayan caji?

Baban Yara:
Bai kumbura ba, a miƙe yake kamar sabulu. Caja ta nuna 4.19 da 4.20. Amma gaskiya ranar da ta mutu na taɓa moton, ban iya barin yatsana a kai ba ko na daƙiƙa ɗaya.

Ɗan Tsere:
Wannan zafin ya yi yawa. Mu dai ƙa'idarmu kada gwangwanin ya wuce digiri 70 zuwa 75. Maganaɗisun ciki neodimiyom ne, yana da ƙarfi amma ba ya son zafi, nau'insa na gama-gari daga wajen digiri 80 yake fara rasa ƙarfi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa ko ya huce. Moton da aka dafa za ka ga yana ƙara gudu in babu kaya, amma ba shi da ƙarfin ja, yana shan wuta, yana saurin zafi. Wani lokacin ma gam ɗin da ya riƙe maganaɗisun da shaf ne ke saki, ka ji moto na kuka mota ba ta tafiya.

Kuma mu tuna inda muke. Giyar da kamfani ya sa, da wadda ake ba da shawara a bidiyon Turawa, a yanayinsu aka gwada. Wanda ke wasa a digiri 20 yana da tazarar 50 kafin ya kai iyaka. Mu a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato iska kanta ta haura 40, ƙasar fili ta fi haka. Tazararmu ba ta wuce 30 ba. Ni a bazara haƙori biyu nake ragewa daga abin da nake sawa lokacin sanyi, kuma ba na fita sai bayan la'asar.

Malamar Fiziks:
In akwai ma'aunin zafin nan mai kama da bindiga da aka riƙa amfani da shi lokacin korona, zai yi aiki, amma sai an mai da shi saitin auna kaya. A saitin jikin mutum ba ya karanta abin da ya wuce arba'in da 'yan kai.

Baba Mai Koyil:
Tunda moton na hannunka a waje, buɗe gindinsa ka leƙa. Koyil mai lafiya launin jan ƙarfe yake, yana sheƙi. In ya koma baƙi ko yana warin ƙonannen varnish, ya sha wuya. Ka kuma girgiza shaf ɗin gefe da gefe, ka ji ko boris ya yi sako-sako ko yana ƙarar yashi. Ƙurar hunturu ba ta barin boris. Sannan maganaɗisu yana tsince baƙin ƙarfen da ke cikin ƙasa, ya taru a ciki yana goga.

Sabon Shiga:
Baba, fetur zai yi wajen wankewa? Na ga masu gyaran janareto suna yi.

Baba Mai Koyil:
A'a ɗana, kada ka jiƙa koyil da gam a fetur. Busasshen burushin haƙori da iska sun isa. Ƙarfen da ya manne a maganaɗisu kuma da salatif ake ɗebe shi. Boris ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, ba baƙin mai ba, kuma ka goge na waje don mai na kiran ƙura.

Ɗan Tsere:
In za ka mayar da moton, abu uku. Yi amfani da sukurorin da ka cire, kada ka sa waɗanda suka fi su tsawo, don dogon sukuru yana shiga ya soki koyil, moto da yawa a nan suka mutu. Ƙaramin sukurun giya ya zauna a kan shafaffen gefen shaf, da ɗigon gam ɗin sukuru shuɗi. Sannan tsakanin giya biyun ka sa tsinken takardar littafi, ka matse, ka ɗaure, ka zare takardar. In sun matse da yawa moto zai yi zafi, in sun yi nisa haƙoran babbar za su cinye. Kafin ka ɗaura ƙaramar giyar ma, tura motar a ƙasa da hannu. Ya kamata ta gangara sumul. In tana turjewa, akwai boris ko dutse a wani wuri, kuma wannan ma nauyi ne a kan moto.

Mai Gyaran Waya:
Ni fa da zai ji tawa, da ya tara kuɗi ya koma mai sensa ya huta da tarin nan gaba ɗaya.

Ɗan Tsere:
Ban goyi baya ba. Mai sensa na masu tsere ne a kan shimfiɗaɗɗen fili, da masu hawan duwatsu da ke son tafiyar hawainiya. Wanda ke wasa da yara a fili mai ƙura da tsakuwa, siririyar wayar sensar nan ita ce za ta fara ba shi ciwon kai: ta zare, ta karye, ƙura ta shiga bakinta. Kuma sai ya sayi moto da ESC duka. Nasa 3300KV a kan volt 7.4 yana ba da kusan juyi 24,400 a minti in babu kaya. Ya ishi yara, ya ishi babansu.

Mai Gyaran Waya:
Amma ka yarda tashinsa ya fi laushi.

Ɗan Tsere:
Na yarda, nesa ba kusa ba. Buƙatarsa ce ban ga ta kai nan ba.

Baban Yara:
Jama'a, ga rahoto bayan kwana biyu. Na kai wa wani mai gyaran rediyo a unguwarmu, yana da babban ayan, ya sake haɗin fulogi ukun a gabana, na ja kowanne da ƙarfi bai motsa ba. Mita yanzu 0.2 take nunawa a duka ukun ko na lanƙwasa wayar. Na buɗe gindin moton, koyil ɗin bai yi baƙi ba sai dai ya ɗan yi duhu a gefe ɗaya, kuma na ciro baƙin gari mai yawa daga jikin maganaɗisun. Na koma giya 17.

Da na kunna, ESC ya ƙi yin kukansa na shiri, fitila na ta ƙiftawa, gabana ya faɗi. Ashe ƙaramin yarona ne ya murɗa maɓallin daidaita totur a rimot. Na mai da shi tsakiya, na sake koya wa ESC tsakiya da cikakken gaba da cikakken birki kamar yadda takardarsa ta ce, tayoyi a sama. Ta tashi. Jiya bayan la'asar mun yi minti 18 ba ta mutu ba. Na ari ma'aunin zafi: bayan minti biyar moto 54, a ƙarshe 63, ESC 49. Akwai ɗan tari kaɗan in na ja kunama a hankali sosai, ƙiftawar ido ne ya wuce.

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, Malama, na gode ƙwarai.

Baba Mai Koyil:
Amin ɗana. Gefen da ya yi duhun nan ka riƙa lura da shi. In ka ga zafi ya fara ƙaruwa ba ka canza komai ba, ka sake gwajin juya shaf da wayoyi a rabe.

Injiniyan Sola:
Madalla, batirin ya wanke kansa. Nawa sel suka nuna da kuka gama?

Baban Yara:
3.74 da 3.75. Ni na tsayar da ita, ba ita ta yanke ba.

Injiniyan Sola:
Daidai ke nan. In ba za ku fita gobe ba kada ka cika shi ka ajiye, sa caja a saitin ajiya ta kai shi wajen 3.8 kowane sel. Ka zare shi daga motar, don ESC na ɗan shan wuta ko an kashe shi. Kada ka bar shi a cikin mota a rana, kuma in kana caji ka ɗora shi a kan siminti nesa da katifa da labule, kana kusa.

Ɗan Tsere:
63 a wannan yanayin yana da kyau. In a ledar akwai mai haƙora 19 kana iya gwada ta in sanyi ya shigo, ka auna bayan minti biyar. Mai 26 ɗin kuwa ajiye ta.

Baban Yara:
Babu 19, daga 17 sai 21 sai 26. Zan zauna a 17 har hunturu, sannan in gwada 21 in kawo muku awon.